Tarihin Armand Peugeot, jikan maƙeran zarto da ya samar da motar Fijo



A ƙofar gidanmu da ke nan Agege akwai wata tsohuwar Fijo 504 wagon. Fara ce a da, yanzu rana da ruwan Legas sun mayar da ita ruwan toka. Mahaifina ya saye ta ta hannu a Kaduna tun kafin a haife ni, a wajen wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Da ita yake tafiya Arewa sayen shanu. Ya bi ta Badun, Ilori, Jabba da Makwa, ya zaga kasuwannin Fataskum da Maigatari, idan an gama lodin dabbobi a tirela sai ya biyo bayansu har kara ta Oko-Oba. Shekaru da yawa ke nan rabonta da doguwar tafiya. 'Yan gwangwan sun sha zuwa su taya, Baba ya ƙi sallamawa, kuma duk safiyar Juma'a sai ya sa an goge ta.

Ina yaro na ɗauka Fijo kalmar Hausa ce, ko kuma sunan wata unguwa a Kaduna, tunda kullum ina jin manya suna cewa a can ake yin ta. Sai da na shiga sakandare malaminmu na Faransanci ya rubuta mana sunan a allo, Peugeot, ya gaya mana sunan wani dangi ne a ƙasar Faransa. Tun daga nan nake son in san wane ne a cikin dangin ya fara yin mota. Sunansa Armand Peugeot. Da na bi tarihinsa sai na tarar rabin labarin duk rigimar gida ce tsakanin ɗan wa da ɗan ƙane a kan dukiyar gado, irin wadda kowannenmu ya sani a zango. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi.

Gidan da ya fito

An haifi Armand a shekarar 1849 a yankin Montbéliard da ke gabashin Faransa, daf da iyakar Siwizalan. Yanki ne mai tsaunuka da ƙananan koguna. Mutanen wurin galibi Kiristoci ne 'yan Furotesta a cikin ƙasar da Katolika suka fi yawa, an kuma san su da son aiki da iya riƙe kuɗi. Dangin Peugeot tsofaffi ne a yankin, suna da injinan niƙa hatsi irin waɗanda ruwan kogi ke juyawa.

A 1810 kakansa Jean-Pierre da ɗan uwansa Jean-Frédéric suka mayar da wani injin niƙa na gidansu, kusa da garin Hérimoncourt, ya koma wurin sarrafa ƙarfe. Don ku gane tsufan abin, a lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye. Abin da suka ƙware a kai shi ne murza ƙarfe ya yi falen-falen, ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Da wannan ƙarfen suka riƙa yin zarto, sifirin na agogo, ƙarafunan laima, har da wasu zobba da matan Turawa na wancan zamani ke sawa a cikin siket don ya buɗe kamar akurki. A 1840 suka fara yin ɗan injin niƙa kofi na hannu, a 1874 kuma na niƙa masoro. Har yau ana sayar da wannan na masoro da sunan Peugeot.

Zakin nan da ke gaban Fijo ma daga zarto ya samo asali. Gidan ya so wata alama da ko wanda bai iya karatu ba zai gane ta a kasuwa, sai suka zaɓi zaki: haƙoran zartonsu kamar na zaki, bayansa yana lanƙwasa kamar gadon bayan zaki, yankansa da sauri kamar tsallen zaki. An yi wa alamar rajista a 1858, Armand yana ɗan shekara tara. Ke nan zakin ya girmi motar farko ta gidan da fiye da shekara 30.

Mahaifin Armand sunansa Émile, yana da ɗan uwa Jules, su biyun suka riƙe masana'antar bayan iyayensu. Jules ya haifi Eugène, wanda ya girmi Armand da shekara biyar. Waɗannan yara biyu, ɗan wa da ɗan ƙane, su ne ragamar gidan ta dawo hannunsu. Armand ya yi aure a 1872, mahaifinsa ya rasu a 1874.

Daga zarto zuwa keke

Armand ya karanci aikin injiniya, ya kuma yi zama a Ingila, a birnin Leeds, inda masana'antu suka fi na Faransa ci gaba a lokacin. A Ingila ya ga yadda keke ke shiga ran jama'a. Da ya dawo gida sai ya lura cewa duk abin da ake buƙata wajen yin keke suna da shi: ƙarfe mai lanƙwasa, waya, ƙwararrun ma'aikata. Ga shi kuma yayin siket mai zobba ya wuce, injinan da ke yin zobban suna neman aiki.

A 1882 suka fitar da kekensu na farko mai suna Grand Bi. Irin kekunan nan ne da ake gani a tsofaffin hotuna, tayar gaba ƙatuwa, ta baya 'yar mitsitsiya, mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. Bayan 'yan shekaru suka koma yin keke mai sarƙa da tayoyi daidai wa daida, irin wanda muka sani. Cinikin ya karɓu sosai, dubban kekuna suke sayarwa a shekara. A kan keke babu wata babbar jayayya a gidan, domin riba ta fito da wuri kowa ya gani.

Amma shi Armand hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Yana son keken da zai tafi da kansa, ba doki, ba taka feda.

Tururi ya gaza, fetur ya karɓa

A 1889 aka yi babban baje kolin duniya a Paris, wanda saboda shi aka gina hasumiyar Eiffel. A wurin Armand ya nuna wata mota mai taya uku da ke aiki da tururi, wadda ya yi tare da wani injiniya mai suna Léon Serpollet. Guda huɗu kawai aka yi. Tana da nauyi, sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa kafin ta motsa, ga yawan lalacewa. Da wani ne da ya nace saboda kuɗin da ya riga ya zuba. Shi kuwa ya yarda cewa hanyar ba ta ɓullewa, ya ajiye ta.

A daidai wannan lokacin wani Bajamushe, Gottlieb Daimler, ya ƙera ƙaramin inji mai shan fetur. Kamfanin Panhard et Levassor da ke Paris yana da lasisin yin injin a Faransa. Armand ya gana da Daimler da Émile Levassor, aka daidaita: su ba shi inji, shi kuma ya yi jikin mota. A 1890 motar Peugeot ta farko mai fetur ta fito, mai taya huɗu, injinta mai ƙarfin doki biyu. Ko babur ɗin acaba na yau ya ninka ta ƙarfi. Tayoyinta sirara ne masu waya irin na keke, saboda aikin da masana'antar ta saba ke nan.

To, yin mota daban, sa mutane su yarda da ita daban. A watan Satumba na 1891 aka shirya tseren kekuna daga Paris zuwa Brest a dawo. Armand ya nemi izini motarsa ta bi bayan masu tseren. Ma'aikatansa biyu, Louis Rigoulot da Auguste Doriot, suka taso da ita tun daga masana'anta a Valentigney, suka je Paris, suka bi tseren har Brest, suka dawo Paris, sannan suka koma gida. Tafiyar ta haura kilomita 2,000, wato kamar mutum ya tashi daga Agege ya je Kano ya dawo, a kan gudun da bai kai kilomita 15 a awa ba. Babu gidan mai ko ɗaya a lokacin, sai da aka tanadi fetur a garuruwan da ke kan hanya tun kafin su tashi. Motar ta dawo da ƙafafunta. Jama'ar ƙauyuka da biranen da ta ratsa sun gan ta da idonsu, jaridu kuma suka yaɗa labarin.

Wannan dabara ta gwada mota a doguwar hanya a gaban kowa ita ya riƙe. A 1894 aka yi gasar motoci daga Paris zuwa Rouen, wadda ake ɗauka ta farko a irinta, aka raba kyautar farko tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor. A 1895 aka yi tseren Paris zuwa Bordeaux a dawo. Levassor ne ya riga kowa isowa, amma motarsa mai kujera biyu ce, ƙa'idar kuma ta ce huɗu, don haka kyautar farko ta koma ga wata Peugeot da Paul Koechlin ya tuƙa. A wannan tseren ne 'yan uwan nan na gidan Michelin suka gwada taya mai iska a jikin wata Peugeot, suka yi ta fama da faci har ƙarshe.

Wani abin da ya ba ni sha'awa: tun a 1892 aka yi wa Sarkin Tunis, wanda ake kira Bey, wata Peugeot ta musamman mai ado. Alaƙar wannan suna da Afirka ta faro ne tun kamfanin yana rarrafe.

Rigima da ɗan baffansa

Duk wannan abin da ake yi, Eugène bai gamsu ba. Kuma in za mu yi masa adalci, yana da hujja. A 1892 motoci 29 kacal aka yi a shekara ɗungurungum. Mota tana da tsada, sai masu hannu da shuni ke saya don nishaɗi, hanyoyi na dawaki ne, man ma wahalar samu yake yi. A ɗaya ɓangaren ga zarto, kayan aiki, injin niƙa da keke suna kawo kuɗi kullum, ga ma'aikata masu yawa da iyalansu da suka dogara da masana'antar. Eugène yana ganin amana ce a hannunsa, bai kamata a kwashi dukiyar da kakanni suka tara a zuba a abin da ba a san ƙarshensa ba. Armand kuma yana ganin in suka tsaya jira, wasu za su riga su, su zo suna cizon yatsa.

Shekaru suka yi suna ja-in-ja. Daga ƙarshe aka rabu. A watan Afrilu na 1896 Armand ya kafa nasa kamfanin na motoci zalla, ya gina masana'anta a Audincourt, nan kusa da gida, daga baya ya ƙara wata a Lille da ke arewacin ƙasar. Eugène ya riƙe tsohon kamfanin da zarto da kekuna. Aka yi yarjejeniya a rubuce: ɓangaren Eugène ba zai yi mota ba, na Armand kuma ba zai shiga kasuwarsu ba. A wannan shekarar kuma Armand ya daina dogaro da injin Daimler, ya fara amfani da wanda Rigoulot ya ƙera masa.

Shekarar 1896 ɗin ce kuma ta zo masa da babban rashi. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi, namiji ɗaya ne tak, Raymond, shi ne kuma ya mutu a wannan shekara. Ku duba fa: mutum yana da shekara 47, ya raba gari da danginsa, ya zuba abin da ya mallaka a sabuwar sana'a, sai wanda yake sa ran zai gaje shi ya riga shi. Duk da haka ya ci gaba da aiki. A 1899 kamfaninsa ya yi motoci 300.

Daga nan labarin ya juya yadda ba a zata ba. 'Ya'yan Eugène uku, Pierre, Robert da Jules, ba su da ra'ayin mahaifinsu. Suna kallon baffansu yana ta ci gaba, su ma suna son shiga. Suka fara da babura, sannan wajen 1906 suka fito da ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot. Saboda yarjejeniyar da aka yi a baya, sai da suka amince za su riƙa biyan kamfanin Armand faran miliyan ɗaya duk shekara. Aka wayi gari kamfanoni biyu masu suna ɗaya, na dangi ɗaya, a yanki ɗaya, suna neman masu saye a kasuwa ɗaya.

Haɗewa da ƙarshen rayuwarsa

Eugène ya mutu a 1907. A nan ne nake ganin Armand ya yi abin da ya fi ƙera mota wuya. Tarihi ya riga ya nuna shi ne mai gaskiya, yana iya riƙe yaran a wuya, ko ya sayar da kamfaninsa ga bare tunda ba shi da magaji namiji. Bai yi ko ɗaya ba. A 1910 aka haɗe harkar motoci da ta kekuna ta ɓangarorin biyu ta koma kamfani ɗaya. Shi yana da gogewa da suna, su kuma suna da ƙuruciya da jari.

Bayan haɗewar abubuwa suka tafi da sauri. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin, tana kuma aiki har yau. A wannan shekarar Georges Boillot ya ci babban tseren Faransa da Peugeot, a 1913 kuma Jules Goux ya je Amurka ya ci tseren Indianapolis. Suka fitar da wata ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi da ake kira Bébé, wadda Ettore Bugatti ya zana. A 1913 kamfanin yana yin motoci kusan 10,000 a shekara, yana sahun gaba a Faransa. A wannan shekarar Armand ya janye daga gudanarwa, Robert, ɗan mutumin da ya yi ta jayayya da shi, ya riƙe ragama.

Bai daɗe ba bayan haka. Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, masana'antun suka koma yin kayan yaƙi. Armand ya mutu a farkon 1915 a Neuilly-sur-Seine da ke gefen Paris, yana da shekara 65. A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zirga-zirga tsakanin Legas da Kano ba, wanda shi ne ya ƙara cika Agege da fataken goro da na shanu.

Yadda sunan ya iso Kaduna, ya iso Agege

Armand bai ga ko ɗaya daga cikin motocin da muka sani ba. Salon lambobi uku da sifili a tsakiya ya fara ne da 201 a 1929. Sai 403 a 1955, 404 a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci, sai 504 a 1968, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Amma dabararsa ta nuna ƙarfin mota a mummunar hanya ba ta mutu ba. A tseren Safari na gabashin Afirka, wanda ake yi cikin laka da ƙura, 404 ta yi nasara a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975.

An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a 1972, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a watan Maris na 1975. A daidai wannan zamani ne aka buɗe ta Volkswagen a nan Legas kan hanyar Badagry. Wani abin da matasa da yawa ba su sani ba: a shekarar 1975 tashar Apapa ta cushe da jiragen ruwa masu ɗauke da siminti, jirgi sai ya yi watanni yana jiran sauke kaya. Don haka sassan Fijo ta jirgin sama aka riƙa kawo su daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, daga can a ɗora su a mota zuwa Kaduna a harhaɗa. An yi shekaru ana wannan jigila.

Zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo gwamnati ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Ma'aikaci in ya samu bashin mota, Fijo yake nufa. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, ga dubban ma'aikata da ke cin abinci a ciki.

Me ya sa direbobinmu suka riƙe ta haka? Na tambayi makanikin da ya daɗe yana duba ta Baba, ya yi mini bayani dalla-dalla. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta dukan dutse. Sifirin ɗinta yana da doguwar tafiya, shi ya sa take shanye rami da gargada ba ta jijjiga fasinja. Tayoyin baya ke tura ta, don haka in an yi mata lodi sai ta ƙara kama ƙasa. Injinta na kafireto ne, babu kwamfuta a ciki, makaniki a Tegina ko Birnin Gwari zai iya kwance shi a gindin bishiya da sifana da sukundireba. Kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Wagon ɗin tana da layin kujeru uku, ita ce ta riƙe tashoshin Agege zuwa Kano, Sakkwato da Katsina shekara da shekaru. A-kori-kura ta 404 da ta 504 kuwa su suka yi ta ɗaukar awaki, buhunan hatsi da huhunan goro. Daga baya J5 ta zo ta karɓi lodin albasa da tumatir.

Abin da ya rage mata kasuwa kowa ya sani. Bayan shirin SAP na 1986 Naira ta faɗi, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin Kwatano suka cika ƙasa, na Japan suka zo da ƙarancin shan mai. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a PAN, a 2012 hukumar AMCON ta karɓi kamfanin saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot, ya fara harhaɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. A can Faransa ma abubuwa sun canza. A 2014 gwamnatin ƙasar da kamfanin Dongfeng na China suka shigo da jari, rinjayen dangin ya ragu, a 2021 kuma Peugeot ta shiga cikin babban rukunin Stellantis. Amma har yanzu zuriyar gidan tana da hannun jari a ciki, fiye da shekara 200 bayan injin niƙan nan na Hérimoncourt.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai

Mu nan zango mun san yadda dukiyar kasuwanci ke ƙarewa. Alhaji ya yi shekara arba'in yana fatauci, ya yi suna daga Maigatari har Oko-Oba, ana ba shi shanu bashi a kan kalmarsa kawai. Ranar da ya faɗi, kafin sadakar arba'in an fara lissafi, kowa ya ja nasa, jarin da yake cika tirela uku ya koma abin da ba zai cika rabin ɗaya ba. Bayan shekara biyar sai dai a riƙa nuna gidan ana cewa na wane ne. Gidaje nawa muka gani haka?

A gidanmu ma maganar tana nan a ƙasa. Jarin Baba da na Baffa a haɗe yake tun suna samari, babu takarda ko ɗaya, amana ce kawai. Yanzu duk sun manyanta. Ni ina ganin kasuwar tana canzawa: kuɗin tirela ya hau, hanya ba tsaro, dabba tana ramewa a tafiyar kwana biyu ko uku, otal-otal da manyan shaguna kuma nama suke so a yanke, a sanyaye, a kai musu da mota mai firji. Na kawo shawarar mu ware wani abu mu gwada. Baffa bai yarda ba. Hujjarsa ita ce wutar lantarki ba tabbas, in firji ya tsaya nama ya lalace asara ce gaba ɗaya, alhali saniya mai rai ko ba a sayar yau ba gobe tana nan. Na ji haushi a lokacin, har na yi kwanaki ba na zuwa kara.

Da na karanta tarihin nan sai jikina ya yi sanyi. Na fara ne ina ganin kaina a matsayin Armand, Baffa kuma Eugène. Daga baya na lura da abubuwa biyu. Na farko, Armand bai tsaya surutu ba, sai da ya sa motarsa ta yi kilomita 2,000 kowa ya gani, kuma motarsa ta farko mai tururi ta gaza, ya yarda ta gaza. Ni ko kilo ɗaya ban taɓa kai wa otal ba. Na biyu, kuɗin zarto da keken da Eugène ya tsare su ne suka ba 'ya'yansa ƙarfin da aka haɗa a 1910. Da a ce duk gidan ya bi Armand tun farko abin ya ƙi, da babu wurin komawa. Da kuma Armand ya riƙe gaba bayan mutuwar Eugène, da wataƙila sunan ya bi shi kabari tunda ba shi da ɗa namiji, mu kuma da ba mu taɓa jin wata mota wai ita Fijo ba.

Don haka na canza shawara. Na roƙi Baba ya yi wa Baffa magana a ba ni saniya biyu kawai a sati, da kuɗinsu a kaina, in gwada kai nama na wata shida, in kawo lissafi a rubuce. In ya yi kyau a duba, in bai yi ba in koma kara in kama igiya. Ni da 'ya'yan Baffa kuma mun yi alkawarin bayan Babbar Sallah za mu zaunar da iyayenmu a gaban limamin unguwa da shaidu, a rubuta abin da kowa yake da shi a cikin jarin tun suna raye, da yadda za a ci gaba da juya shi tare. Baffa bai ba da amsa ba tukuna, amma jiya ya aiko a tambaye ni nawa ake hayar motar firji a rana.

Ita kuwa Fijon Baba, makaniki ya ce batir da filogi kawai take buƙata ta tashi. Na yi niyyar in saya mata in Allah ya hore.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci kasuwancinmu, ya haɗa kan zuriyarmu. Wanda yake da labarin tafiya a Fijo wagon daga Legas zuwa gida, muna son mu ji.